MAC, IMEI da IP: Lambobin da ke shaida na'ura, da yadda ake gano inda intanet ta katse

A shekarar 2019 wata lamba mai gurabe goma sha biyu ta shiga shari'ar zaɓen shugaban ƙasa. Lauyoyin Atiku Abubakar da jam'iyyar PDP sun shaida wa kotu cewa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, tana da wata babbar kwamfutar ajiya, wadda ake kira saba, da aka tara sakamakon zaɓen 23 ga Fabrairu a cikinta, kuma abin da ke ciki ya ba Atiku ƙuri'u 18,356,732, Muhammadu Buhari kuwa 16,741,430. Domin ƙarfafa da'awar sai suka kawo sunan sabar da lambarta ta MAC: 94-57-A5-DC-64-B9. INEC ta musanta cewa ta tattara sakamako ta wannan hanya. Kotun sauraron ƙarar ta yi watsi da ƙorafin ranar 11 ga Satumba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin ranar 30 ga Oktoba.

An yi ta musu a kan ko sabar tana nan ko ba ta nan, amma ba a cika tsayawa a kan tambayar da ta fi sauƙi ba: me lamba irin wannan za ta iya tabbatarwa? Irinta na cikin wayar kowane ɗalibi na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da kwamfutocin cibiyar fasahar sadarwa ta jiha da aka fi sani da Informatics, wadda aka kafa a garin zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, da na'urar mai POS a kasuwar Roni ko Gwiwa. Ba ita kaɗai ba ce. Kowace waya tana ɗauke da lambobi huɗu ko biyar, kuma kowacce tana aiki ne a wani zango na hanyar da saƙo ke bi daga hannun mai waya zuwa inda aka aika shi. Wanda ya san zangon kowace lamba zai iya gano inda haɗinsa ya tsinke, zai kuma san wanda ke iya ganinsa ko toshe shi.

Lambar MAC

Ita ce lambar da masana'anta ke bai wa sashen da ke haɗa na'ura da wasu na'urori na kusa, ko ta Wi-Fi, ko ta Bluetooth, ko ta igiya. Kwamfutar da ke da Wi-Fi da kuma kafar igiya tana da MAC biyu. Gurabenta goma sha biyu ne, ana rubuta su bibbiyu da alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Shidan farko na kamfanin da ya ƙera sashen ne, kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke Amurka ce ke rabawa. Shidan ƙarshe kamfanin ne ke sa su da kansa. A lambar da aka gabatar a shari'ar 2019, 94-57-A5 na kamfanin Hewlett Packard ne. Iyakar abin da rabin farko ke faɗa ke nan: wanda ya ƙera. Ba ya faɗin wanda ya saya, ko inda aka ajiye na'urar, ko abin da aka zuba mata.

Abu biyu ne suka rage wa MAC ƙarfi a matsayin hujja. Na farko, ba ta tafiya nesa. Tana aiki ne tsakanin na'ura da rautar da ta haɗu da ita. Da saƙo ya wuce rautar, sai a cire masa wannan lamba a sa wata ta zango na gaba. Shafin intanet da mutum ya buɗe ba ya ganin MAC ɗin wayarsa, amma mai rautar yana gani. Na biyu, ana iya sauya ta da manhaja cikin 'yan mintuna. Saboda haka ambaton MAC ɗin wata kwamfuta bai isa ya nuna cewa kwamfutar ta wane ce ba, sai an kawo ita kanta na'urar ko bayanan da ta adana, an kuma nuna hannuwan da suka bi kafin su iso kotu.

Yanzu ma wayoyi da kansu suke ɓoye ta. Tun daga Android 10 na 2019 da iOS 14 na 2020, waya takan ƙirƙiri MAC ta bogi ga kowane Wi-Fi da ta shiga, domin kada a riƙa bin sawun mai ita daga wuri zuwa wuri. Ana gane irin wannan da gurbi na biyu: idan 2 ne, ko 6, ko A, ko E, to ba ta masana'anta ba ce. Wannan kariya ce mai kyau, sai dai ita ce kuma ke haddasa wata matsala da ake yawan gamuwa da ita a makarantu da ofisoshi da shagunan da ke sayar da Wi-Fi. Mai kula da rauta ya rubuta MAC ɗin da ke cikin bayanan waya a jerin waɗanda aka yarda su shiga, ita kuwa wayar ta zo da ta bogi, rautar ta ƙi ta, alhali kalmar sirri daidai take. Maganin shi ne a shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin kaɗai a zaɓi lambar asali, ko a bai wa mai rautar ta bogin ya rubuta.

IMEI, lambar jikin waya

Idan aka danna *#06# za ta fito. Alƙaluma goma sha biyar ce, kuma wayar da ke cin sim biyu tana da biyu. Takwas na farko suna nuna samfurin wayar, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ke bayar da su. Shida na biye na wannan ƙwayar wayar ne. Na ƙarshe na tantancewa ne, ana lissafa shi daga sauran domin a gane lambar da aka rubuta ba daidai ba. Ba waya kaɗai ke da ita ba. Mifi, da rautar da ke cin sim, da na'urar POS, duk suna da IMEI.

Bambancinta da MAC babba ne: IMEI tana isa ga kamfanin sadarwa. Duk lokacin da waya ta kama sabis, kamfanin zai iya sanin wace waya ce, wane sim ke cikinta, kuma wane ƙarfen sabis ta kama. Sauya sim ba ya sauya IMEI. Shi ya sa jami'an tsaro ke amfani da ita wajen neman wayar sata, shi ya sa kuma wanda ya sayi waya a hannu, ko a Farm Centre ta Kano ko a wajen wani a gari, yake iya tsintar kansa yana amsa tambaya a kan laifin da bai san da shi ba. Kafin a biya kuɗi, a gwada lambar da *#06# ta nuna da wadda ke jikin kwali da rasit. Idan sun saɓa, ko an sauya injin wayar, ko an taɓa lambar, ko kwalin ba nata ba ne. Babu ɗaya daga ciki da ya kamata mai saye ya ɗauka da wasa.

A watan Mayun 2021 hankalin jama'a ya tashi a kan wannan lamba, bayan rahotanni sun ce sabon tsarin rajistar sim na gwamnatin tarayya zai sa kowa ya miƙa IMEI ɗin wayarsa ga Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Hukumar ta fito ta ce ba ta umarci kowa ya kawo ba, domin tsarin kula da na'urori da take shirin kafawa zai tattara lambobin ne daga kamfanoni kai tsaye. Bayanin ya kwantar da hankali, ko da yake idan aka duba da kyau bai rage komai daga abin da aka ji tsoro ba: lambar za ta isa hannun hukuma, mai waya ne kawai ba zai sha wahalar kai ta ba. A 2024 hukumar ta sake shigar da tsarin cikin ƙa'idojinta na tantance na'urori. Amfaninsa a fili yake, tunda wayar da aka sa a jerin na sata ba za ta kama sabis a kowane layi ba. Haɗarinsa ma a fili yake ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya, tunda rumbu ɗaya zai haɗa waya da sim, sim kuma an riga an haɗa shi da NIN.

Lambobin sim

Doguwar lambar da aka buga a jikin sim ita ce ICCID. Tana farawa da 89, sannan 234 na Najeriya. Ita ake tambaya idan za a yi wa mutum sabon sim a madadin wanda ya ɓace ko ya lalace. A cikin sim ɗin kuma akwai wata da ba a buga ba, IMSI, wadda da ita kamfani ke gane mai layi. Tana farawa da lambar ƙasa ta tsarin wayar salula, 621 ga Najeriya, sai ta kamfani: 30 ga MTN, 20 ga Airtel, 50 ga Glo, 60 ga 9mobile wanda ya koma T2 a 2025. Ta Jamhuriyar Nijar 614 ce.

Wannan ya shafi mutanen Babura fiye da na sauran garuruwan, domin hanyarsu ce ke ɓullewa Babban Mutum a Jihar Katsina ta shiga Magarya. Sabis bai san shingen kwastam ba. Ɗan kasuwar da ya kusanci iyaka zai iya ganin wayarsa ta saki layin gida ta kama na Nijar, data ta tsaya cak ko kuɗi ya riƙa zurarewa. Ƙaramin harafin R kusa da sandunan sabis, ko baƙon sunan kamfani a fuskar waya, shi ne alama. A saitin layi ana iya kashe zaɓin kai-tsaye a zaɓi kamfanin gida da hannu.

Toshewar da ta fi taɓa mutane a shekarun nan a kan sim ta faɗa, ba a kan waya ba. An ba da umarnin haɗa layi da NIN a watan Disambar 2020, aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira daga 4 ga Afrilun 2022, wa'adin ƙarshe kuma ya cika 14 ga Satumbar 2024. Layin da aka rufe saboda NIN, ko da sunan da ke rajistar sim ne ya saɓa da na NIN da harafi ɗaya, ba mai gyaran waya da zai tashe shi. Lambar *996# ce ta wannan sha'ani.

IP da DNS

Adireshin IP aro ne, ba na dindindin ba. Rauta ko kamfanin sadarwa ne ke bayar da shi duk lokacin da na'ura ta haɗu, kuma shi ne shafukan intanet ke gani. Wanda ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba ya fita waje. Da yake tsohon tsarin IP adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda. Don haka IP shi kaɗai ba ya nuna mutum, sai an haɗa shi da lokaci da bayanan kamfani, kuma taswirar da ke hasashen wuri daga IP tana iya ajiye mutumin Gwiwa a Kano ko Legas. DNS kuwa shi ne ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. Idan ya samu matsala, intanet tana nan amma shafuka ba sa buɗuwa da sunayensu.

Daga kusa zuwa nesa

Ƙa'idar bincike ɗaya ce: a sauya abu ɗaya a bar sauran, a ga ko matsalar ta bi shi. A cire sim a sa a wata waya. Idan ya yi aiki a can, laifin na waya ne. Idan bai yi ba, na layi ne ko na kamfani. A sa wani sim na kamfani ɗaya a wayar farko. Idan shi ma bai yi ba, kuma na maƙwabta duk shiru, to ƙarfen sabis ne, babu abin da za a taɓa a waya ya gyaru. Wannan gwaji na minti biyu yakan hana mutum biyan kuɗin filashin da zai share masa hotuna da lambobi a banza.

Idan ana kira amma data ba ta tafiya, a fara duba ragowarta da *323#, wadda ta zama lamba ɗaya ga dukkan kamfanoni tun 2023. Sai a duba APN, wato sunan ƙofar da layi ke bi ya shiga intanet. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Wayar da aka shigo da ita daga waje ko aka yi wa filashin takan rasa shi, kuma maido da saitin asali yakan wadatar. Kwanan wata da agogon da ba daidai ba su ma suna sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗuwa.

Harafin da ke kusa da sandunan sabis ya fi sandunan faɗin gaskiya. E na nufin tsohon tsarin 2G, wanda da ƙyar yake ɗaukar saƙon rubutu. H da H+ na 3G ne. Sai 4G ko LTE. Ma'aunin da ya fi inganci yana cikin bayanan waya a sashen halin sim, ana rubuta shi da dBm. A 4G, abin da ke kusa da -80 mai ƙarfi ne, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa kuma haɗi yakan riƙa yankewa. A ƙasa mai duwatsu irin ta Kazaure da Roni, tsauni guda tsakanin gida da ƙarfen sabis ya isa ya jawo wannan bambanci, kuma ɗaga mifi zuwa taga ko saman katanga yakan fi sauya layi amfani. Akwai kuma batun zangon mita. Ƙananan zanguna, 700 da 800, sun fi nisan tafiya da ratsa gini fiye da 1800 da 2600, don haka sun fi dacewa da karkara, amma ba kowace waya ke kama su ba. Waya biyu a kan tabarma ɗaya, da layi iri ɗaya, ɗaya tana 4G ɗaya tana E: sau da yawa dalilin ke nan. Sanduna cike amma data na jan ciki da daddare kuwa cunkoso ne, mutane sun yi wa ƙarfe ɗaya yawa.

A Wi-Fi, adireshin IP ɗin da na'ura ta samu shi ke nuna hanya. A kwamfutar Windows umarnin ipconfig /all yana nuna shi tare da MAC. Idan ya fara da 169.254, rauta ba ta ba da adireshi ba, na'urar ce ta ƙirƙiro wa kanta. A kashe rautar a kunna, a duba igiya, a duba ko jerin MAC ne ya hana. Idan adireshin daidai ne, a gwada ping zuwa rautar, sannan zuwa 8.8.8.8. Amsa daga rauta ba tare da amsa daga waje ba na nufin katsewar tana tsakanin rauta da kamfani. Amsa daga duka biyun alhali shafuka ba sa buɗuwa na nufin DNS ne, kuma sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare yakan warware.

Idan laifin ya fi ƙarfin mai waya

Ƙarfen sabis yana buƙatar wuta da kuma hanyar da za ta haɗa shi da cibiya, ko igiyar fayiba ko faifan da ke harba saƙo zuwa wani ƙarfen. Yawancinsu da dizal suke aiki. Fayiba kuma a gefen titi ake binne ta, aikin hanya da masu satar igiya suna yawan tsinka ta, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Wani lokaci tsinkewar tana da nisan da ba a zato: ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layuka suka yi ta tangal-tangal a faɗin Najeriya.

Akwai kuma katsewar da aka yi da umarni, kuma kowace iri tana da alamarta. Lokacin da aka dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, sabis yana nan, komai na buɗuwa ban da shafi ɗaya, VPN kuma yana kewaye shingen. Lokacin da aka rufe sadarwa a Zamfara a farkon Satumbar 2021, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ƙarafan sabis ɗin ne aka kashe, babu sanda ko ɗaya, kuma babu VPN da ke aiki inda babu abin da zai hau.

Darasin da ya fi kusa da masu bibiyar zaɓe shi ne na 25 ga Fabrairun 2023. Na'urar BVAS ba ta buƙatar intanet wajen tantance mai zaɓe, sai wajen tura hoton takardar sakamako zuwa shafin IReV. A ranar, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi, da na'ura ɗaya da sim ɗaya a rumfa ɗaya. Ƙa'idar sauya abu ɗaya ta riga ta ba da amsa: ba rashin sabis a ƙauye ba ne, matsalar tana can ƙarshen hanya. Rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024 ya ce sabar ce ta riƙa mayar da kuskuren HTTP 500 saboda kuskuren saiti, kuma sakamakon shugaban ƙasa na farko bai shiga ba sai ƙarfe 8:55 na dare. Gano zangon da aka samu cikas bai warware ko kuskure ne ko ganganci ba, wannan sai an buɗe bayanan sabar ga masu bincike masu zaman kansu. Amma wakilin jam'iyya ko ɗan sa-ido a rumfar Roni da ya rubuta lokacin da aka gwada turawa, da saƙon da na'ura ta nuna, da ko wani sakamakon ya shiga a daidai lokacin, ya riƙe abin da ya fi "netwok ne" amfani a gaban kotu.

Wa ke ajiye bayanan

Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonninsu na tsawon shekara biyu, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bai wa mutum 'yancin sanin abin da aka tara a kansa da dalilin tarawa. VPN yana ɓoye IP daga shafin da aka ziyarta, yana kuma ɓoye shafin daga kamfani, amma ba ya taɓa IMEI ko IMSI ko ƙarfen da waya ta kama.

Ƙorafi kan sabis yana farawa daga kamfani, ta lamba 300, kuma a karɓi lambar shaidar ƙorafin. Idan ba a gyara ba, sai a kira NCC kyauta ta 622 a ba da wannan lamba. Ƙorafin da ke ɗauke da sunan unguwa ko ƙauye, da ranaku da sa'o'in da sabis ke ɗaukewa, da ma'aunin dBm, da bayanin cewa an gwada sim ɗin a wata waya, ya fi wuyar a mayar da shi da cewa a kashe waya a kunna. IMEI da ICCID kuwa a rubuta su a takarda a ajiye a gida tare da rasit, domin ranar da za a neme su wayar ba ta hannu. Kada a saka hotonsu a Facebook ko zauren WhatsApp da sunan cigiya, tunda masu sauya lambar wayoyin sata lamba mai tsabta suke nema.